Kwamfutar da Inna Take Yi wa Turare

Ƙamshi ne ya fara tarbe ni. Ina sauka daga kan babur a ƙofar gidanmu na Zandam, tun ban cire takalmi a bakin ɗakin Inna ba, na ji turaren wuta ya cika ko'ina, alhali ranar ba Juma'a ba ce, kuma ba a yi baƙi ba. Da idona ya saba da duhun ɗakin sai na ga inda hayaƙin yake tashi. Kaskon yana kan wata doguwar kujera. Sama da shi, a kan kantar da ake ajiye gafakar Alƙur'anin Malam, akwai wani abu mai kama da akwati, an lulluɓe shi da farin zane. Inna ta ɗage gefen zanen da hannu ɗaya, tana kora hayaƙin da mafici don ya shiga ta 'yan hudojin da ke bayan akwatin. Gefen zanen da ke fuskantar kasko ya riga ya rine, ya koma ruwan ƙasa.

Sadiya da Mubarak, ku nake rubuta wa wannan. Lokacin da abin ya faru kuna ƙanana, kuma na san kun tashi kuna jin labarin iri biyu. Idan kun je Zandam za a ce muku Yaya Hadiza ce ta goge muryar Malam da wani abu da ta zo da shi daga makaranta. Idan kuna gida a Birnin Kudu za ku ji ana cewa gaggawar Baffa Auwalu ce ta kashe faifan. Ni ina wurin daga farko har ƙarshe. Ban ce komai ba a lokacin, domin kun san ni da magana a gaban manya, amma idona bai bar komai ba. Shekarar ce na shiga aji uku na ƙaramar sakandare.

Malam shi ne kakanmu, mijin Inna, mahaifin Abba da Baffa Auwalu. Ban taɓa ganinsa ba, ya rasu Umma tana da cikina. Shi ya kafa Islamiyyar da ke jikin gidan, kuma duk watan azumi yakan yi tafsiri a zaure, maza a ciki, mata a tsakar gida bayan zana. A azuminsa na ƙarshe Baffa ya dawo daga kwaleji da wata kwamfutar tebur 'yar gwanjo da ya saya a Kano, da wata 'yar na'urar ɗaukar murya. Kullum zai riƙe wa Malam makirfo, washegari ya tayar da janareto ya juye abin da ya ɗauka a kwamfutar, sannan ya goge na'urar don ta sami wurin karatun gaba. Haka ya yi har aka rufe tafsirin. Bayan rasuwar Malam yakan kunna wa mutane su saurara, har allon kwamfutar ya lalace, shi kuma aka tura shi koyarwa Dingaya. Daga nan Inna ta sa aka ɗauko akwatin aka kawo ɗakinta. A wurinta, abin da ke ɗauke da karatun Malam ba ƙarfe ba ne, littafi ne. Ba a ajiye shi a ƙasa, ba a taɓa shi babu alwala, ba a ɗora komai a kansa, kuma duk Juma'a sai ta yi masa turare. Shekara da shekaru tana haka.

Sunan Inna aka sa mini, shi ya sa kuke ce mini Ummi, ita kuma take ce mini takwara. Da ta ji sallamata sai ta saki zanen ta juyo.

"Takwara, kin zo? Zo ki kama mini, hannuna ya gaji. Kina da alwala?"

Na ce ina da ita. Na karɓi maficin, na tambaye ta a hankali me ya sa take turare ranar Talata.

"Tafiya zai yi," in ji ta. "Ni ma tafiya zan yi. Likitocinku na Birnin Kudu sun ce sai sun buɗe cikin nan. Na ce musu to, amma ba zan kwanta a gadonsu ba sai na ji addu'ar da Malam ya rufe tafsiri da ita. Ya kira sunan kowa a ciki, daga ni har mai ɗebo mana ruwa. Har ke ya yi wa addu'a, kina cikin uwarki. In na ji ta, su yi abin da za su yi."

Dama abin da aka aiko ni kenan, in rako ta. An riga an sa ranar aikin, Litinin mai zuwa, kuma Abba ya san idan Inna ta ce ba za ta kwanta ba, to babu mai kwantar da ita. Ciwon kuwa ba ya jira. Na lura tana zama a gefe ɗaya, tana dafe cikin da gwiwar hannu idan ta zaci ba a kallonta.

Washegari muka shiga mota daga Gwaram, ni da ita da Baffa. Direban ya miƙa hannu zai karɓi akwatin ya jefa a but tare da buhunan gero da jarkokin manja. Inna ta daka masa tsawar da ta sa duk tashar ta juyo.

"Kai! Ka san abin da ke ciki kuwa?"

"Hajiya, kwamfuta ce fa, kullum muna ɗaukar irinta."

"Irinta kake ɗauka, ba ita ba. Takwara, rungume."

Haka na rungume ta a cinya har Birnin Kudu. Tana da nauyi, kusurwarta tana huda mini hannu, kuma duk ramin da motar ta faɗa ina jin wani abu yana motsi a ciki. Ƙamshin turaren ya kama hijabina har sai da na wanke shi sau da yawa kafin ya fita.

Yaya Hadiza tana gida a lokacin, an yi musu hutu daga kwalejin kimiyya inda take karatun kwamfuta. Tun a wurin cin tuwo ita da Baffa suka fara. Sai in yi muku bayanin abin da suke musu a kai, yadda na fahimce shi. Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda take tuƙa ta, ita ke buɗe komai, ita ke rufewa. Wadda ke cikin ta Malam tsohuwa ce, irin wadda aka daina amfani da ita tuntuni, kuma tana zaune a faifai ɗaya da karatun. Baffa yana son a gyara injin a tayar da shi da ita kamar yadda ya saba. Yaya kuma tana da wata manhaja dabam, ta kyauta, wadda take yawo da ita a filashi a cikin jakarta. Tana son a tayar da injin da tata, a kwashe karatun ba tare da an tashi tsohuwar daga barci ba.

"Baffa, wannan tsohuwar ba abin yarda ba ce," in ji Yaya. "Da ta farka ta ga an daɗe, sai ta ce za ta gyara faifan da kanta. Tana gyaran tana rubutu a kansa. In ta ga dama ta kawo shuɗin allo ta tsaya, mu kuma muna kallo."

"Shuɗin allo? Azumi guda na yi ina aiki da ita a kan janareto mai tari, ko sau ɗaya ba ta ba ni kunya ba. Taku ta 'yan kyauta fa, wa ya yi ta? In ta ɓata wa za a kama?"

"Mutane da yawa ne suka yi ta, Baffa, kuma kowa yana ganin cikinta. Manyan injinan duniya da ita suke aiki."

"To manyan injinan duniya sun san muryar Malam? Injiniya, na'urar da na ɗauki karatun da ita tana da nata tsarin. Sai manhajarta take buɗe shi, ita kuma sai a kan tsohuwar da kike zagi take zama. Ki kwashe, ki zo da duwatsu a filashi."

"In na kwashe ai suna hannu, ko duwatsu ne. In faifan ya mutu fa?"

Abba ya ɗaga hannu ya ce su biyu ne masana, shi ko kunna ta bai iya ba, abin da yake so kawai Inna ta kwanta a asibiti ranar Litinin. Inna tana ɗakin Umma tana jin su. Da na kai mata ruwa ta ce, "Me suke ta faɗi?" Na ce a kan hanyar da za a bi ne. Ta ce, "Su bi ta inda suka ga dama, su dai kawo mini Malam."

Kwana biyu suka yi a haka. Baffa ya kawo labarin wani abokinsa da manhajar kyauta ta hana shi buga takardun jarrabawa. Yaya ta kawo labarin ɗakin kwamfutar makarantarsu da ƙwayar cuta ta cinye duk injinan da ke kan irin ta Baffa, ta bar nasu. Na lura idan Baffa yana musu ba ya kallon Yaya, akwatin yake kallo. Na kuma lura Yaya tana murza filashin a tafin hannunta har ya yi gumi. A duk tsawon musun nan a kan wace manhaja ce ta fi aminci, babu wanda ya tambayi ɗaya da wane karatu za a fara idan an buɗe. Ku riƙe wannan.

Ranar Juma'a da safe aka kai kwamfutar shagon Malam Ɗanlami, wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a bayan kasuwa, wanda yake tara tsofaffin kwamfutocin da ofisoshi suka zubar. Inna ce ta sa na bi su, ta ce ni ce idonta, kada in bari a ajiye ta a ƙasa. Da muka isa ya miƙo hannu zai karɓa. Na ƙanƙame akwatin, na rasa yadda zan faɗa, har sai da Baffa ya faɗa a madadina.

"Malam Ɗanlami, ka yi haƙuri, Hajiya ta ce sai da alwala."

Ya dube mu ta saman tabarau, ya yi dariya har ya dafa tebur.

"Shekara nawa ina gyara, an kawo mini rediyon da akuya ta yi wa fitsari, an kawo wadda aka ciro daga rijiya, amma yau ce rana ta farko da aka ce in yi wa inji alwala. Miƙo mini butar nan, 'yata. Hajiya ta fi ƙarfinmu."

Ya yi alwalarsa tsaf, ya share teburin, ya shimfiɗa zanen Inna, sannan ya kwance kusoshin. Da murfin ya buɗe sai dariyar ta ɗauke. Cikin akwatin baƙi ne ƙirin, kamar rufin ɗakin girki. Kunkunniya ta kwanta a kan komai, ba busasshiya ba, mai danƙo. Ya sa yatsa ya tura fankar, ta ƙi juyawa. Ya shinshina yatsan.

"Wannan ba ƙura ba ce. Turare ne. Wa ya yi wa inji wannan aika-aika? Ai hayaƙin nan shi ya..."

"Malam Ɗanlami," in ji Baffa, muryarsa ƙasa ƙasa, "wannan maganar ta tsaya a shagon nan."

Ya juya ya kalli Yaya. Ita ma ta kalle shi, ta gyaɗa kai. Sannan dukansu suka kalle ni, na sunkuyar da kai. Abu ɗaya kenan da suka yarda da juna a kai a duk makon nan. Inna ta koma ga Allah ba ta san turarenta ne ya cinye injin ba, kuma da tana raye da ban rubuta wannan ba.

Gyaran ya ci yinin nan da rabin washegari. Ina zaune a kan benci ina kallo. Ya wanke allon cikin da sifirit da tsohon burushin haƙori, baƙin ruwa yana gangarowa cikin kwano, shagon duk ya cika da ƙamshin ɗakin Inna. Akwai wasu 'yan gwangwanaye jere a kan allon da kawunansu suka kumbura, ya narke dalmarsu ya cire, ya sa wasu da ya ɓalle daga wata matacciyar talabijin. Ya canza wani ɗan batir mai kama da kwabo. Ya ɗiga wa fankar man keken ɗinki har ta saki. Faifan kuwa, wato wani ƙarfe mai faɗin tafin hannu inda karatun yake, bai haɗa shi ba tukuna. Ya ɗora shi a kunne, ya ɗan karkata shi a hankali, ya daɗe yana saurare.

"Ku saurare ni," in ji shi. "Injin zai tashi, na gwada shi. Amma faifan nan ya sha zafi, ya daɗe a kwance, ya kuma sha hanya. Zai iya juyawa sau ɗaya, zai iya yin sau biyu, zai iya ƙi baki ɗaya. Ni ban yi muku alkawarin na biyu ba. Ku zaɓi da wadda za ku tayar da shi. Ni dai nawa dalma ne, ba na shiga faɗan malamai."

Ga wayar faifan a kan tebur, ga filashin a hannun Yaya. A Zandam ana cewa Yaya ce ta fizge wayar ta yi gaban kanta. Ba haka aka yi ba. Baffa ne ya ɗauki wayar. Ya riƙe ta zai soka, sai na ga bakin wayar yana bugun ƙarfen yana kaucewa. Ya gwada ya sake gwadawa. Sannan ya tsaya, ya share gumin goshinsa da hular da ya cire, ya miƙa wa Yaya ba tare da ya dube ta ba.

"Yi da taki," ya ce. "Amma ki yi a hankali, Dije. Babu wani a duniya sai wannan."

Tun da suka fara musun bai kira ta Dije ba sai a lokacin. Ta yi bismillah ta soka filashin, ta haɗa faifan, Malam Ɗanlami ya danna maɓalli. Fankar ta juya. Farin rubutu ya dinga gudu a kan baƙin allon da ya ara mana. Can sai muka ji wani siririn sauti yana tashi daga faifan, kamar sauro a nesa. Yaya ta matsa nan ta matsa can, sai ga su sun fito a jere: daren farko, dare na biyu, har zuwa na ƙarshe, yadda Baffa ya sa musu suna da hannunsa. Baffa ya ce Allahu akbar, ya zauna a kan benci kusa da ni kamar an tura shi. Yaya ta zaɓe su duka ta ce su kwafu. Injin kuwa ya fara daga farko, kamar yadda ya saba, yana bi ɗaya bayan ɗaya.

Wani koren layi ne yake tafiya a allon, yana nuna inda aka kai. Yana tafiya, yana tsayawa, yana ci gaba. Mun kusa rabi sai na ji sautin sauron ya canza, wani ɗan ƙas ya shigo ciki, kamar an taɓa kofi da cokali. Malam Ɗanlami ma ya ji, domin ya ajiye abin da ke hannunsa. Sai Baffa ya miƙe zumbur.

"Na ƙarshe! Dije, addu'ar tana na ƙarshe! Tsayar da shi ki ɗauko ta!"

"Baffa, in na tsayar ba lallai ya sake tashi ba. Yanzu yana tafiya a jere, in na sa shi ya tsallaka can ƙarshe zai wahala."

"In kika bar shi ba zai kai ba! Ba kya jin yadda yake yi? Ita Inna take jira, ba waɗannan ba!"

"Ka bari ya gama wannan ɗayan."

"Ki tsayar na ce!"

Ta bari ya gama ɗayan da yake kai. Wannan shi ne jinkirin da ake faɗa a Zandam, kuma gaskiya ne ta yi shi. Sannan ta tsayar, ta je kan na ƙarshe ta ce ya kwafu. Wannan ita ce gaggawar da ake faɗa a gidanmu, kuma gaskiya ne shi ya sa ta. Koren layin ya ɗan motsa kaɗan. Sai ƙas, ƙas, ƙas, a jere, da ƙarfi, sannan sautin sauron ya yi ƙasa ya yi ƙasa har ya ɗauke. Fankar kawai aka bari tana juyawa. Malam Ɗanlami ya kashe ya kunna, ya canza waya, ya sa faifan a wani injin, ya ɗora shi a kunne. Daga ƙarshe ya naɗe shi a gefen zanen Inna ya ajiye. Ko da an bi maganar Baffa tun farko zai kai, ko da an bi ta Yaya an bar shi a jere zai kai, babu wanda ya sani. Na tambayi malamin kwamfutarmu daga baya, ya ce shi ma ba zai iya rantsuwa ba.

Babu wanda ya ɗaga murya. Da sun yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Yaya ta danna ɗaya daga waɗanda suka kwafu, manhajarta ta ce ba ta san wannan irin ba. Ta gwada wata hanya, ta gwada wata. Duwatsu, kamar yadda Baffa ya faɗa. Bai ce mata ai na gaya miki ba. Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da wasu faya-fayan sidi guda biyu a cikin leda, duk sun yi zane, da tsohon makirfon nan da yake riƙe wa Malam, ashe tun daga Dingaya yake ɗauke da su. Malam Ɗanlami ya ciro wani faifan ajiya daga tarin injinansa. Suka ɗora tsohuwar manhajar a kai, Baffa yana faɗin abin da za a danna, Yaya tana dannawa, kowa yana magana da allo, ba da ɗan'uwansa ba. Da la'asar ta yi, sai wata murya ta fito daga 'yar sifikar shagon, mai kauri, mai ɗan kaushi, tana isti'aza. Ranar na fara jin kakana. Manhajar Yaya ta kwaso, ta Baffa ta buɗe, kuma abin da Inna ta aike mu nema ba ya ciki.

Ranar Lahadi da hantsi aka haɗa injin a ɗakin Umma, a kan tebur, a kan zanen. Baffa ne ya durƙusa ya gaya wa Inna. Abba yana tsaye a bakin ƙofa riƙe da jakar asibitin da Umma ta haɗa, ya rasa ko ya ajiye ta ko ya fita da ita.

"Wato dai ba ta zo ba," in ji Inna.

"Ba ta zo ba, Inna."

"To ku kunna mini abin da ya zo."

Ba ta ce za ta je asibiti ba, ba ta ce ba za ta je ba. Aka kunna. Yaya ta zauna a can ƙarshen gado, Baffa a ƙasa kusa da ƙofa, duk faɗin ɗakin a tsakaninsu. Ni ina gefen Inna. Kowa yana sauraren Malam, ni kuma kunnena ya tafi ga abin da ke bayan muryarsa: kukan jariri daga bayan zana, tarin wani tsoho, janareton wani maƙwabci. A wani wuri aka ji an ajiye kofi a ƙasa, Malam ya dakata ya ce a hankali, "Allah ya yi albarka," sannan ya ci gaba. Inna ta yi wani ɗan murmushi, ta ce kunun tsamiya ne, ita ta aika masa.

A lokacin ne na kalli bakinta. Leɓɓanta suna motsi. Da farko na zaci bin sa take yi, sai na lura tana riga shi. Kafin ya kawo misalin manomi da rijiya, ta riga ta faɗa. Kafin ya yi wa masu gyangyaɗi tsiya, ta riga ta fara dariya. Shekaru da yawa ta yi tana zaune a bayan zanar nan duk azumi, kuma wannan na ƙarshen ta sha jin sa kafin allon ya lalace. Na kalli akwatin da muka sha wahala a kansa, na kalle ta. A gidanmu ban taɓa fara magana a gaban Abba da Baffa ba tare da an tambaye ni ba. Amma na san abu ɗaya: Baffa bai taɓa kiran sunana ba saboda na mahaifiyarsa ne, kuma bai taɓa ce mini a'a ba.

Abin da ya biyo baya kun sha jin sa a wayar Umma duk daren da aka rufe tafsiri, kuma Mubarak ya taɓa tambaya me ya sa addu'ar Malam take fitowa da muryar mace. An yi wa Inna aikinta ranar Litinin, ta ƙara damina ɗaya tare da mu. Amma a ranar ban san za a yi ko ba za a yi ba. Na dai miƙe, na ɗauko tsohon makirfon daga ledar Baffa, na ajiye a gabansa, na ɗauko wayar Yaya na miƙa mata. Sannan na durƙusa a gaban Inna.

"Inna, kin haddace ta, na ga bakinki. Don Allah ki karanta mana addu'ar yadda ya yi ta, da sunan kowa, har da nawa wurin. Yaya za ta ɗauka. Baffa, don Allah ka matso ka riƙe mata makirfon kamar yadda ka riƙe wa Malam."